Mai Yi wa Noreen Ihu

Cedric Garbutt mutum ne da ba wanda ya taɓa jin ya ɗaga murya, kuma aikinsa ne ya mai da shi haka. Tun yana saurayi ya kama aiki wurin masu shirya jana'iza na garinmu, ya yi ta ɗaukar akwatin gawa yana buɗe wa masu makoki ƙofar mota har kansa ya yi fari fat. A wannan sana'a, abin da ake fara koya wa mutum shi ne taku ba ƙara, magana ƙasa-ƙasa. Ya ajiye aikin, amma halin ya biyo shi gida. Ko burodi ya je saye, sai mai shago ta miƙo kunne ta ce, "Me ka ce, Mista Garbutt?"

Matarsa Noreen kuwa, tabɗi! Ita ta kwashe rabon muryar gidan kaf. A rumfar gyaran kifi ta bakin tashar jiragen ruwa ta yi ƙuruciyarta, inda mata ke hira ta saman ƙugin injuna, kuma ko a cikinsu an san da zamanta. In ta tsaya bakin ƙofa ta ƙwala wa kyanwarta kira, har mutanen layin baya sukan san lokacin shayi ya yi. Cedric bai taɓa gajiya da muryar nan ba. Yana son ta, ita da mai ita, ko da yake bai taɓa faɗa da ƙarfin da wani zai ji ba.

A sanyin bara likitoci suka gano ciwon daji a maƙogwaronta. Aka yi mata aiki, aka cire ciwon, aka haɗa da inda murya ke fitowa. Noreen ta tashi garas, tana cin abincinta, tana shararta, tana hararar duk wanda ya cancanci harara, amma ba magana. Asibiti suka ba ta wata 'yar na'ura mai kama da tocila: a danna ta a gefen wuya, a motsa baki, sai magana ta fito. Ranar da suka dawo gida ta gwada ta a kicin. Wata murya ce ta fito mai zuuu, ba hawa ba sauka, kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani. Kyanwa ta zabura ta bi ta taga. Noreen ta dubi na'urar, ta dubi mijinta, ta jefa ta can ƙasan jakarta ƙarƙashin alewa da tsofaffin tikitin bas, ta ja zik.

Daga ranar ta koma magana da leɓe da ido da buga cokali a tebur. Cedric ya ƙare rayuwarsa yana karanta fuskokin mutanen da magana ta gagara, don haka bai sha wahalar gane ta ba. Abin da ya dame shi daban ne. Noreen ta daina fita. Ta daina zuwa kasuwa, ta daina tsayawa a katanga da maƙwabta, in an ƙwanƙwasa ƙofa sai ta haye sama. Har bingo na ranar Alhamis da rana, wasan cike lambobin nan da wanda ya ci ke sanarwa da ihu, ta daina zuwa, abin da ko shekarar da teku ta shigo gari ba ta fasa ba. Cedric ya sha ganin irin wannan a gidajen da ya ɗauko gawa: wanda aka bari ya ja labule, ya zauna, ya yi ta ƙanƙancewa. Tsoro ya kama shi sosai. Ya san in Noreen ba ta koma teburinta na bingo ba, to ba za ta ƙara komawa cikin mutane ba.

Mavis Oldroyd ce ta zo ta fasa shirun. Ƙawar Noreen ce tun rumfar kifi, gajeriya, mai ƙaton tabarau, ba ta san a ƙwanƙwasa a jira ba. Ta faɗo har kicin, ta ritsa Noreen ba hanyar gudu, ta ja kujera ta zauna.

"Ke Noreen, wai sai yaushe? Kujerar nan taki ta bingo, ta jikin bututun ɗumama zaure, kullum rigar sanyina nake ɗorawa a kai, ni in zauna ina rawar ɗari saboda ke. Matar Pickersgill ta sa mata ido, na rantse miki. Makon jiya har shafa ta ta yi."

Noreen ta zaro ido, ta ɗago kamar za ta miƙe. Sai kuma jikinta ya yi sanyi. Ta nuna gyalen da ke ɗaure a wuyanta, ta buɗe tafin hannu.

"Ta ce in ta ci, wa zai ji ta," in ji Cedric daga bakin murhu.

"Me ka ce?"

Ya maimaita.

Mavis ta gyara tabarau. "To, ni dai nawa tikitin ma da ƙyar nake bin su, idon nan ya tafi. In na ce zan haɗa da naki, mu biyu za mu tashi a tutar babu."

"Ni zan yi mata ihun," in ji Cedric.

Wannan kam Mavis ta ji shi. Ta ƙyalƙyale da dariya har tana dukan cinya. "Kai? Kai, Mista Garbutt? Kai da ko atishawa ka yi sai ka ba jama'a haƙuri? Ba kai ne kullum kake cewa caca ce, a cocinku an hana ba?"

"Ba wasan zan yi ba. Ihun kawai."

Ya juya ya ga kafaɗun Noreen suna rawa. Dariya take, ba sauti, har da ƙwalla. Rabonsa da ganin haka tun kafin asibiti. Ta ɗauki cokali ta buga tebur, irin bugun da ke nufin ta yarda.

Zauren bingon tsohon gidan silima ne da ke kallon teku. An kwashe kujerun kallo an jera tebura, amma jan labulen yana nan, da zanen taurari a rufi wanda hayaƙin sigarin zamanin da ya rine. A nan Cedric ya fara kai Noreen kallon fim, bai kuma sake sa ƙafa ba tun da aka daina nunawa. Yanzu ga shi a baƙar kwat ɗinsa da laƙatayi ɗaure a wuya, yana bin bayanta a nutse kamar ya rako gawa. Mata suka yi ta ɗaga wa Noreen hannu, tana murmushi, tana sauri ta wuce kada a tsayar da ita. Mavis ta janye rigar sanyinta daga kujerar, ta aika wa matar Pickersgill wani kallo, suka zauna.

"To, ɗalibi, matso," in ji Mavis. Ta shimfiɗa takarda a gabansa. "Ka ga tikiti ɗaya nan. Layi uku ne, kowane layi lamba biyar, sauran gidajen fanko. Takarda ɗaya tikiti shida ce, kuma duk lambar da ke tsakanin ɗaya da casa'in tana cikinta a wani wuri. Wancan mai jar kwat ɗin, Trevor ke nan, shi ke kira. Ƙwallo ya fito, ya faɗi lamba, ka nemo ta, ka ɗiga mata wannan." Ta ɗaga wani ƙaton alƙalami mai baki kamar soso. "Wanda ya fara cika layi ɗaya ya ce layi. Sai a nemi layi biyu. Sai a nemi tikitin gaba ɗaya, shi ne gida. Ka gane?"

"Na gane."

"Ba ka gane ba, don ban faɗa maka babban ba tukuna. Dole Trevor ya ji ka kafin ya fara faɗin lamba ta gaba. In ya buɗe baki ya fara, shi ke nan, an wuce wurin. Ko sarauniya ce ta zo da tikitinta a cike, sai dai ta naɗe ta kai gida ta goge taga."

"Ba a yi wa mutum uzuri?"

"A nan? Haba, Mista Garbutt. Ubana a jirgin yaƙi ya koyi wasan nan, lokacin ba a ma kiransa bingo. Ya ce in ka yi jinkiri, sojan da ke gefenka ne zai fara yi maka dariya. Daga Italiya aka ce ya taso, tun zamanin kakannin kakanni. Mutanen Amurka kuma da ƙwayar wake suke rufe lambobinsu, ka ji rowa."

Noreen ta girgiza kai, ta motsa leɓe.

"Ta ce bara cewa kika yi daga Faransa," in ji Cedric.

"Ya bi ta Faransa, ya sha ruwa, ya wuce. Ke da baki ko ba baki sai kin ƙaryata ni!"

Noreen ta kama hannun mijinta ta nuna masa yadda za su yi. In saura lamba ɗaya, za ta sa yatsa a kanta. In lambar ta fito, za ta matse masa gwiwa. Daga nan sauran aiki nasa ne.

Trevor ya hura makirufo. "Barkanku da rana, 'yan matana. Da ɗan saurayi guda, na gan ka can, Mista Garbutt, da fatan ba aiki ya kawo ka ba." Aka yi dariya. "To, ido ƙasa."

Abin da ya fara ba Cedric mamaki shi ne shirun. Ya zaci zai tarar da hayaniyar mashaya, sai ga mata sama da ɗari sun sunkuyar da kai, ba abin da ake ji sai iskar da ke wasa da ƙwallaye a akwatin gilashi da ɗif-ɗif ɗin alƙaluma. Ko a coci bai taɓa ganin natsuwa irin wannan ba. Trevor na kira a hankali, wasu lambobin da laƙabinsu. "Mata biyu masu ƙiba, tamanin da takwas." "Umarnin likita, tara." Wasu laƙuban har da amshi, zauren ya amsa baki ɗaya ya sake yin tsit. Cedric ya saci kallon matarsa. Hannunta na yawo a kan takarda kamar yadda yake yi a kan kifi a da, ba ɓata motsi, kumatunta sun yi ja. Ya ji daɗi har cikin ransa.

Aka ci layi a can baya, aka ci layi biyu kusa da ƙofa. Wasa ya bi wasa, aka sha shayi, aka dawo. Can sai ya ga yatsan Noreen ya sauka a kan lamba ɗaya ya tsaya. Ashirin da biyu. Duk sauran tikitin ya rine da shuɗi. Ya gyara zama.

Lamba ta fito, ba ita ba. Wata ta fito, ba ita ba.

"Agwagi biyu," in ji Trevor, "ashirin da biyu."

"Kwak, kwak!" zauren ya amsa.

Noreen ta matse masa gwiwa har ƙashi. Cedric Garbutt kuwa ya yi abin da jikinsa ya saba. Ya gyara laƙatayi, ya ɗan ɗaga hannu daidai kafaɗa, ya jira agwagin su gama kuka don kada ya katse wa jama'a, sannan ya ce, "A gafarce ni, ina jin kamar matata ta..."

"Huɗu da biyar, arba'in da biyar."

"GIDA!" Matar Pickersgill ce, da wata murya kamar an taka wutsiyar kare.

Kash! Mavis ta leƙo tikitin Noreen, ta cire tabarau, ta mayar. "A gafarce ni? A gafarce ni ka ce? Ya ilahi, mutumin nan zai kashe ni, kuma shi zai binne ni." Teburan da ke kusa suka ji, labari ya zaga, aka yi ta leƙe ana murmushi. Ba da mugunta ba ne, amma Noreen ta ga idanun, ta ga wata ta dafa ƙirji tana cewa ayya. Wannan ayyar ce ta fi yi mata ciwo. Ta rufe alƙalaminta, ta sa a jaka, ta zauna hannu a naɗe har aka tashi.

A hanyar gida ba ta kama hannunsa ba. Da suka shiga ta ajiye jaka, ta juyo ta fuskance shi sosai don ya ga leɓenta. Ba zan koma ba.

"Laifina ne, Noreen. Ba naki ba."

Ta nuna wuyanta, ta girgiza kai. Wato laifin na nan.

"Alhamis ɗaya," ya ce. "Ki ƙara ba ni Alhamis ɗaya. In na sake, ba zan ƙara tayar da maganar ba."

Ta daɗe tana dubansa. Ba ta buga cokali ba, amma ba ta haye sama ba. Ya ɗauki wannan a matsayin amsa.

Washegari da safe ya ce zai je shan iska. Ya bi katangar teku har ƙarshenta, inda ba kowa sai tsuntsayen ruwa a jere kan dutse. Ya duba hagu, ya duba dama, ya cire hula, ya ce, "Gida." Ko tsuntsu ɗaya bai waiwayo ba. Ya sake, da ɗan ƙarfi. Ɗaya daga cikinsu ya dube shi da ido guda, ya ci gaba da gyaran fiffike. Abin dariya ne, amma shi ba dariya yake ba. Ya gano muryar tana nan, sai dai duk lokacin da ta taso sai wani abu a ƙirjinsa ya rufe mata ƙofa, kamar yadda ya saba rufe ƙofar mota a hankali kada ta yi ƙara. Kullum da safe ya riƙa zuwa. Wata rana wani mai yawo da kare ya tsaya ya ce, "Lafiya dai, baba? Ka manta hanyar gida ne?" Cedric ya yi masa godiya ya ce a'a. Kafin Laraba ya kai inda in ya yi, tsuntsayen kusa sukan ɗan matsa gefe.

Yakan dawo murya a shaƙe. Sai ya tarar Noreen ta ajiye masa ruwan zafi da zuma da lemon tsami a kan tebur. Ran nan ruwan sama ya koro shi da wuri. Ya buɗe ƙofa da takun nan nasa mara ƙara, sai ya ji wani zuuu, zuuu, yana fitowa daga sama, yana tsayawa, yana sake farawa. Ya tsaya da hula a hannu yana saurare. Sannan ya koma waje, ya ja ƙofa, ya tsaya cikin ruwan na ɗan lokaci, ya sake shigowa yana buga takalmi yana tari. Ya tarar da gidan tsit, jakar Noreen na rataye inda take.

Ranar Alhamis ta sauko da rigarta mai ruwan toka da jan baki. Suka kama hanya.

"A'a, ga a-gafarce-ni ya dawo," in ji Mavis. "Yau da me ka zo mana? Wasiƙa za ka rubuta wa Trevor?"

"Bar shi haka, Madam Oldroyd," in ji Cedric.

"Kai, yau har na ji ka ban ce me ka ce ba. An samu ci gaba."

Aka ce ido ƙasa. Rana ta yi ta ja, sa'a ba ta leƙo teburinsu ba. Sau ɗaya yatsan Noreen ya sauka, wata ta riga su. Cedric ya fara tunanin ƙila a tashi ba a kai kansa ba, kuma bai san ko hakan ya ƙirgu cikin alkawarinsu ba. Sai a wasan ƙarshe, bayan an ci layi an ci layi biyu, ya ga tikitin ƙasa yana cika ɗif, ɗif, har yatsan ya sauka ya tsaya. Goma sha ɗaya.

Ya dafa tebur da hannu biyu. Ya ja numfashi irin wanda ya koya a bakin teku. Zufa ta karyo masa a wuya. Sai ya ji hannun Noreen a kan nasa, ba matsa ba, dafawa. Ya dube ta. Ta girgiza kai kaɗan. Ɗaya hannun nata ya shiga jaka, ya wuce alewa da tikitin bas, ya fito da na'urar. Ta riƙe ta a cinya ƙarƙashin tebur.

"Saman shago, casa'in."

"Uku da bakwai, talatin da bakwai."

"Ƙafafu," in ji Trevor, "goma sha ɗaya!"

Zauren ya ɗauki fito, kamar yadda ake yi wa wannan lamba kullum. Noreen ta ɗaga na'urar ta danna a wuya. "Gida." Zuuu ɗin ya fito ƙarami, ya nutse a cikin fiton. Cedric ya ji. Ko Mavis ba ta ji ba, tana can tana neman lambarta. Hannun Trevor ya riga ya ɗauko ƙwallo na gaba, ya juya shi, ya matso da baki kusa da makirufo.

Cedric bai san lokacin da ya miƙe ba. Kujerarsa ta kifa baya.

"TREVOR! DAKATA! MATATA NA MAGANA!"

Kai! Wata ta zubar da shayi. Trevor ya saki ƙwallon, ya gangara ƙarƙashin labule. Har mai sayar da shayi ta leƙo ta tagarta da tsumma a hannu. Daga nan zauren ya yi tsit, kowane kai ya juyo, kowane ido ya sauka a kan teburin jikin bututun ɗumi. Sai a lokacin Cedric ya gane abin da ya yi. Da ya ce gida kawai, da an wuce wurin. Yanzu ya tara wa Noreen abin da ta fi tsoro a duniya, jama'a sun yi shiru suna jiran su ji muryarta. Ya so ƙasa ta tsage.

Noreen ta ɗago ta galla masa harara, irin ta da, mai ƙona gashin gira. Na'urar na hannunta, tsakanin wuya da jaka. Ya ga hannun ya yi ƙasa kaɗan. Ya ga ya tsaya. Sannan ta gyara zama, ta ɗaga haɓa, ta danna ta a wuya.

"Gida."

Zuuu ɗin ya bi zauren har kujerun baya. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya ce ayya.

"Na ji ki, Noreen," in ji Trevor a makirufo. "Wallahi kunnena ya huta da yawa. A duba mana tikitin nan."

Ma'aikaciyar zauren ta zo ta karanto lambobin ɗaya bayan ɗaya, Trevor na amsawa, har ya ce gida ya yi. Aka ɗauki tafi. Mavis ta cire tabarau tana goge ido da rigar sanyi, tana cewa hayaƙi ne, alhali rabon da a sha sigari a zauren an manta. Matar Pickersgill ma ta tafa, da yatsa biyu.

Noreen ba ta sauke na'urar ba. Ta juyo wajen mijinta, wanda har yanzu ke tsaye ƙiƙam, fuska ja wur.

"Ced. Zauna. Kana ba ni kunya."

Ya ɗaga kujerar ya zauna. Rabonsa da jin sunansa daga bakinta tun daren da za a shiga da ita aiki. Muryar gwangwani ce, ba hawa ba sauka, amma faɗan nata ne sak. Ya ji daɗin da bai san inda zai sa shi ba, sai ya hau gyara laƙatayi.

"Ke kuma," ta juya kan Mavis, "Italiya ko Faransa. Zaɓi ɗaya."

"Oh, ni Mavis! Da na sani da na bar wa matar Pickersgill kujerar."

Kamar yadda aka saba a teburin, abin da aka ci aka raba da Mavis, wadda ta ci kuma ita ke sayen shayi. Noreen ta tura Cedric ya karɓo, sannan ta biyo bayansa, don mata sun tare ta a hanya kowa na son ta ce mata wani abu, ita kuma ba ta hana kowa rabonsa ba. Ya isa tagar mai shayi, ya buɗe baki, sai iska kawai. Ihun nan ɗaya ya tafi da muryar gaba ɗaya. Ya sake gwadawa, ko ƙis.

Mai shayi ta miƙo kunne. "Me ka ce, Mista Garbutt?"

Noreen ta matso ta gefensa, ta sa hannu a cikin nasa, ta danna na'urar a wuya.

"Ya ce shayi uku. Nasa ki sa zuma."